Idan Kwamfuta Ta Ƙi Ganin Faifan Ajiya: Kada A Yi Gaggawar Fomatin

A yawancin ofisoshinmu, da ƙananan asibitoci, da ƙungiyoyin adashe na mata, takardun aiki sun koma cikin kwamfuta. Sunayen waɗanda suka karɓi iri da taki, lissafin bashi, rahoton wata uku, duka suna kan filash ko kan babban faifan da masu gyara ke kira had dis. Saboda haka ranar da aka jona faifai kwamfuta ta yi shiru kamar ba a sa mata komai ba, hankali yakan tashi ƙwarai. Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, rashin ganin faifai ba ya nufin abin da ke cikinsa ya salwanta. Sau da yawa bayanan suna nan daram, hanyar isa gare su ce ta toshe. Abin da yakan hallaka su shi ne gyaran gaggawa. Ga matakan da za a bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Mataki na farko: wuta da kebul

Kafin a taɓa komai a cikin kwamfuta, a cire faifan a jona shi a wani ramin USB dabam. A kwamfutar tebur, ramukan baya sun fi na gaba aminci domin suna manne da babban allon injin kai tsaye. In akwai wani kebul, a gwada shi. In akwai wata kwamfuta kusa, a gwada faifan a kanta. Idan ya buɗe a can, to faifan lafiyarsa ƙalau, matsalar tana wurin kwamfuta ta farko.

Ƙarancin wuta ma yana jawo wannan. Ramin USB 2.0 yana ba da miliamfa 500 ne kawai, USB 3.0 kuma, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, yana ba da 900. Had dis na waje yana bukatar ƙarfi kafin ya fara juyawa, don haka in aka jona shi ta ƙaramin akwatin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu, fitilarsa za ta iya kamawa amma kwamfuta ba za ta gan shi ba. Manyan faifai masu faɗin inci 3.5 kuwa sai da tasu adafta mai bolt 12. A kuma leƙa cikin ramin, domin ƙurar hunturu takan cika shi. A kashe kwamfuta a hure ta, kada a zura allura ko wani ƙarfe.

Mataki na biyu: a kasa kunne

Had dis yana da faranti a ciki mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. In aka ɗora hannu a kansa, za a ji yana ɗan rawa a hankali. Wannan alama ce mai kyau. Amma in ana jin ƙas-ƙas-ƙas a kai a kai, ko ƙara kamar ana gurza ƙarfe, a cire shi nan take. Hannun da ke karanta bayanai ne ya samu matsala, kuma kowane kunnawa yana iya ƙara karce farantin. Kada a bubbuga shi, kada a sa shi a firji kamar yadda wasu ke ba da shawara, kada kuma a kwance shi, gama ƙura kaɗan ta isa ta ɓata shi. Wannan aikin ƙwararru ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Filash da sabon nau'in faifai da ake kira SSD ba su da abin da ke juyawa, saboda haka shirunsu ba ya nuna komai.

Mataki na uku: a tambayi Windows abin da take gani

Wurin da muka saba duba faifai, wato This PC, yana nuna faifan da ke da harafi ne kawai, kamar C ko E. Akwai wani wuri da ke nuna dukan abin da aka jona, sunansa Disk Management. A Windows 10 da Windows 11, a danna maɓallin dama na maus a kan Start, sai a zaɓe shi daga jerin. A nemi faifan ta wurin girmansa, sannan a karanta abin da aka rubuta a gefensa.

Idan an rubuta Healthy amma babu harafi, wannan ita ce matsala mafi sauƙi. A danna dama a kansa, a zaɓi Change Drive Letter and Paths, a ba shi harafin da ba a amfani da shi. Nan da nan zai bayyana, ba tare da asarar komai ba. Idan an rubuta Offline, a danna dama a zaɓi Online.

Idan an rubuta Not Initialized ko Unallocated, sai a tsaya a yi tambaya ɗaya: faifan sabo ne ko akwai aiki a kansa? Sabon faifai yakan zo haka, kamar fegin da ba a yanka ba, sai an tsara shi kafin a fara ajiya. Za a nemi a zaɓi MBR ko GPT. Tsarin MBR ba ya wuce terabait 2, don haka GPT ya fi dacewa da manyan faifai. Amma in tsohon faifai ne mai bayanai ya nuna haka, kada a amince da komai. Taswirar da ke nuna inda fayiloli suke ce ta lalace, su fayilolin mai yiwuwa suna nan.

Haka nan idan an rubuta RAW, ko Windows ta fito da saƙo cewa sai an yi fomatin kafin a yi amfani da faifan. A danna Cancel. Fomatin kamar yage shafin farko na rajista ne inda aka jera sunaye, sannan duk abin da aka ajiye daga baya yana hawa kan tsohon rubutu. Akwai manhajoji na kyauta, irin su TestDisk da PhotoRec, waɗanda ake ceto fayiloli da su. A nemi wanda ya iya, kuma a tabbata an zuba abin da aka ceto a kan wani faifai dabam, ba kan mai ciwon ba.

Wani lokaci kuma ba lalacewa ba ce, bambancin tsari ne. Faifan da aka tsara a kwamfutar Apple da APFS, ko a Linux da ext4, Windows ba ta karanta shi da kanta. A mai da shi kan irin kwamfutar da ya fito a kwafe aikin. Idan kuwa filash ya nuna No Media, galibi kayan cikinsa ne suka mutu, manhaja ba ta cika tada shi ba.

In faifan bai fito a Disk Management ba sam, a buɗe Device Manager daga wannan jeri na Start. Alamar rawaya mai kusurwa uku tana nuna matsalar direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da na'urar. A danna dama a zaɓi Uninstall device, a cire faifan, a sake kunna kwamfuta, a mayar da shi. Wannan ba ya share fayil ko ɗaya.

Idan faifan cikin kwamfuta ne

Wani lokaci kwamfuta takan ƙi tashi gaba ɗaya, ta rubuta No bootable device. A nan sai a shiga BIOS da zarar an kunna: F2 a yawancin Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad na Lenovo, Delete a kwamfutocin tebur da yawa. Idan sunan faifan yana cikin jerin, yana da rai; a duba ko shi ne na farko a jerin tashi. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, in ya mutu, saitin yakan rikice, agogon kwamfuta ma ya riƙa komawa baya. Idan sunan ba ya nan, mai yiwuwa jijjigar mota ko babur ta sassauta shi. Faifan SATA a kwamfutar tebur kebul biyu gare shi, na wuta da na bayanai. Mai gyara ya cire wuta tukuna, sannan ya sake zaunar da su.

Kafin a cire faifai a kai shi wata kwamfuta, a tuna cewa sabbin kwamfutoci da yawa suna kulle shi da BitLocker. Ba zai buɗe a wani wuri ba sai da lambar ceto mai alƙaluma 48. Kowane ofis ya rubuta tasa ya adana tun kafin ranar bukata.

Rigakafi

Kada a fizge filash yayin da ake kwafa. A danna Eject tukuna. Kwamfutar tebur ta samu UPS, domin ɗaukewar wuta ana cikin rubutu, ko canji daga wutar gari zuwa janareta, yana cikin abubuwan da ke mai da faifai RAW. A guji filash mai arha fiye da kima, gama akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi. Mafi muhimmanci, kowane aiki mai daraja ya kasance wuri uku: a kan kwamfuta, a kan faifan waje, da kwafi ɗaya a wani gini dabam ko a intanet. A sa rana ɗaya a mako, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin yin haka. Ana iya sayen sabon faifai a kasuwa gobe, amma lissafin adashen mata hamsin na shekara uku ba a sayar da shi a ko'ina. In kunne ya ji, jiki ya tsira.