Al'ummar Karafafak: Asalinsu, Addininsu da Wuraren Zamansu

A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin nuna yadda yaƙe-yaƙe da sauyin iyakokin ƙasashe suka rarraba al'ummar Karafafak, har ya zama da wuya a ƙidaya su a matsayin jama'a guda.

Da farko dai, Karafafak reshe ne na Turkawa, kuma harshensu kari ne na harshen Azarbaijan. Ma'anar sunan ita ce "baƙar hula", saboda hular fatar tumaki da mazansu ke sanyawa. Akan kuma kira su Terekeme, kalmar da ta samo tushe daga Larabci, wato Tarakima, jam'in Turkuman. Mazauninsu na asali shi ne yankin Borcali a kudancin ƙasar Jojiya ta yau, inda suka shahara da kiwo.

Bayan yaƙin Rasha da Farisa na 1826 zuwa 1828, wanda ya ƙare da yarjejeniyar Turkmancai, da yawansu suka yi ƙaura. Wasu suka nufi Kars a daular Usmaniyya, wasu kuma Yarima Abbas Mirza ya zaunar da su a Sulduz, kudu da tafkin Urmiya a Iran. Sai dai Kars ita ma ta faɗa hannun Rasha a 1878, kuma ƙidayar 1897 ta sami kusan mutum 30,000 daga cikinsu a lardin. A Tarayyar Sobiyet an ƙidaya su daban a 1926, daga baya aka haɗe su cikin Azarbaijanawa. A 1944 gwamnatin Stalin ta kwashe wasunsu tare da Turkawan Mesketiya zuwa tsakiyar Asiya.

Dangane da addini kuwa, Musulmi ne, amma ba su taru a kan tafarki ɗaya ba. Galibin na Turkiyya, musamman a Kars da Ardahan, 'yan Sunna ne mabiya mazhabar Hanafiyya, alhali mafi yawan na Sulduz 'yan Shi'a ne.

Daga abin da ya gabata, muna iya cewa rashin ganin sunan wata al'umma a takardun ƙidaya ba ya nufin ta ɓace. Ya kamata mai nazarin Karafafak ya dubi harshensu da tarihin ƙaurarsu, kada ya dogara ga alƙaluman hukuma kaɗai.