Yadda ɗalibi zai raba minti 150 a jarrabawar Babban Lissafi ta WAEC

Da zarar watan Afrilu ya kama, wuraren karatun lesin da ke Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi kan cika da ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare. Iyaye na biyan kuɗi, malamai na warware tsofaffin tambayoyi a kan allo, amma da wuya a ga agogo a gaban ɗalibi. A darasin Babban Lissafi kuwa, wanda ɗalibai ke kira Further Maths, yaro kan san amsa sarai, a karɓe takarda bai kai ga rubuta ta ba.

Hukumar WAEC ta kasa jarrabawar gida biyu. Takardar canki-canka na da tambayoyi 40 cikin minti 90, wato minti 2 da daƙiƙa 15 ga kowace. Takardar tiyori na da maki 100 cikin awa biyu da rabi. Sashenta na farko tambayoyi 8 ne na dole masu maki 48. A na biyu ɗalibi zai zaɓi 4 daga cikin 7 domin maki 52, bisa sharaɗin ya ɗauki aƙalla ɗaya daga kowane rukuni uku: zallar lissafi, ƙididdiga, da lissafin motsi da ƙarfi.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari zai gane wannan lissafi nan take, domin rabon jari ne gwargwadon riba. Kowane maki ɗaya farashinsa minti ɗaya da rabi. Tambaya mai maki 6 ba ta cancanci fiye da minti 9 ba, mai maki 13 kuma ƙasa da minti 20. Mai dabara zai ma tsuke: minti 8 ga kowace ƙarama, 18 ga kowace babba. Jimilla 136 ke nan, saura 14, biyar na karanta takarda tun farko, tara na bita a ƙarshe.

Inda tsarin ke wargajewa shi ne kalkulas, fannin da ke auna saurin sauyawar abu da kuma faɗin filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi. Tambayoyin difarenshiyeshan galibi suna da ƙa'ida a fili, ana bin ta a wuce. Intagireshan kuwa sai an fara gano dabarar da ta dace, kuma wanda ya ɗauki hanyar da ba ita ba zai iya cika shafi guda bai fita ba. Idan minti uku suka wuce hanya ba ta bayyana ba, a bar fili a ci gaba, a dawo daga baya. Taurin kai a nan tsada gare shi: minti 25 a kan tambaya mai maki 6 ya cinye lokacin wasu biyu.

Sai dai gaggawa ma tana da nata hasarar. Masu duba takarda na ba da maki ga matakan aiki daban da na amsar ƙarshe, don haka wanda ya rubuta matakai daidai ya kuskure a ƙarshe bai tashi a tutar babu ba. Idan aka ce a warware daga tushe, bin gajeriyar hanya ɓata lokaci ne ko da amsar ta yi daidai. Harafin C da ake ƙarawa a ƙarshen intagireshan marar iyaka kuwa daƙiƙa ɗaya ake rubuta shi, amma an sha mantawa da shi.

Rawar iyaye ba ta buƙatar sanin lissafi. Ranar Asabar a ba yaro tsohuwar takarda guda, a karɓe waya, a ajiye agogo, a tsayar da shi idan minti 150 sun cika ko da yana tsakiyar layi. Sau uku ko huɗu kafin jarrabawa ya isa ya nuna masa inda yake jinkiri. Ranar jarrabawar kuma a fita da wuri, domin cunkoson safiya a Titin Maiduguri da kewayen Ɗangi ba ya duba jadawalin WAEC.