Yadda sautin madannan waya ke sada oba-oba da sauran ƙasashen duniya

Duk wanda ya taɓa kiran kamfanin salula aka ce masa ya danna 1 ko ya danna 2 ya san ɗan sautin nan da ke fita daga kowane madanni. Jama'a da dama na ɗaukarsa a matsayin ado kawai, alhali saƙo ne da na'ura ke karantawa. Da wannan sauti ne masu radiyon sha'awa a Kanada, Amurka, Turai da Ostireliya ke ba tashoshinsu umarni daga nesa, ta yadda mutum riƙe da ƴar oba-oba zai iya magana da wani a wata nahiya ba tare da layin waya ko kuɗin kira ba.

Masu radiyon sha'awa mutane ne da hukumomin ƙasashensu suka ba lasisin amfani da wasu zangunan radiyo domin koyo da gwaji da zumunci, ba domin kasuwanci ba. Kowannensu yana da lambar kira tasa, wadda farkonta ke nuna ƙasarsa: ta Nijar tana farawa da 5U, ta Najeriya kuma da 5N. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta ne a birnin Paris a shekarar 1925.

Sauti biyu a madanni guda

Kamfanin Bell na Amurka ne ya fara kawo wa jama'a wannan tsari, wanda ake kira DTMF, a ranar 18 ga watan Nuwamba na 1963, a garuruwan Carnegie da Greensburg na jihar Pennsylvania. Kafin nan sai an juya faifan wayar tarho da yatsa ake buga lamba.

Kowane madanni yana fitar da sauti biyu ne a lokaci guda, ɗaya mai kauri, ɗaya siriri. Layukan kwance suna da 697, 770, 852 da 941 Hz, wato adadin girgizar sautin a daƙiƙa ɗaya. Layukan tsaye kuma suna da 1209, 1336, 1477 da 1633 Hz. Idan aka danna 5, sautin 770 da na 1336 ne ke fita tare. Idan aka danna alamar #, sai 941 da 1477. Jimilla madannai 16 ke nan, domin ban da lambobi goma da * da #, akwai haruffan A, B, C da D waɗanda babu su a wayar salula, amma ana samunsu a jikin oba-oba da yawa na masu lasisi.

Injiniyoyin sun zaɓi waɗannan adadi ne da gangan don kada muryar mutum ta kwaikwaye su bisa kuskure. Sannan dukkansu suna cikin iyakar sautin da muryar ɗan Adam ke bi, saboda haka duk hanyar da magana za ta wuce, su ma za su wuce. Wannan ne ya sa suka dace da radiyo.

Daga kan tsauni zuwa intanet

Oba-oba ta hannu ba ta wuce ƴan kilomita, musamman a cikin gari. Don haka ƙungiyoyin masu sha'awar ke ɗora wata na'ura a kan tsauni ko dogon ƙarfe, wadda ke karɓar murya a zango ɗaya ta sake watsa ta nan take a wani zangon da ƙarfi. Ita ce tashar maimaitawa. A zangon mita 2, wanda a Afirka da Turai ya kama daga 144 zuwa 146 MHz, tazarar da ke tsakanin zangon karɓa da na watsawa yawanci 600 kHz ce. Da irin wannan tasha magana kan kai gomman kilomita.

Tun a shekarun 1970 masu sha'awar a Amurka ke amfani da sautin madannai wajen haɗa tashoshinsu da layin tarho. Zuwan intanet ya faɗaɗa abin. A 1997 wani ɗan Kanada mai suna David Cameron, mai lambar kira VE7LTD, ya fara tsarin IRLP a birnin Vancouver. A 2002 kuma Jonathan Taylor, K1RFD, ya fito da EchoLink a Amurka. Akwai na uku, AllStarLink, wanda aka gina a kan manhajar tarho ta Asterisk. A dukkansu ana haɗa kwamfuta da tashar maimaitawa, a ba ta lamba tata kamar lambar waya. Kwamfutar ce ke sauraron sautin madannai, ta mayar da su umarni.

Yadda ake bugawa

Da farko mai kira zai saurara ko akwai masu magana a tashar. Idan babu kowa, sai ya faɗi lambar kiransa, ya riƙe madannin magana, ya danna lambar tashar da yake so, ya saki. Idan an dace, wata murya za ta sanar da shi cewa an haɗa layin. Daga nan duk abin da aka faɗa a tashar wannan gari zai fito a ta wancan.

Kowane tsari da nasa lambobin. A IRLP lambar tasha huɗu ce, kuma ana katse haɗin da 73, lambar da masu radiyo suka daɗe suna sallama da ita tun zamanin wayar tangaraho. A EchoLink, # ne ke katsewa, 08 na faɗin halin da tashar ke ciki, 09 na sake kiran tashar da aka rabu da ita, 9999 kuma na kai mutum wurin gwaji inda ake dawo masa da muryarsa ya ji ko tana fita sosai. A AllStarLink, *3 da lambar tasha na haɗawa, *1 da lambar na rabawa. Mai tasha yana da ikon canza wasu lambobin ko ƙara ta sirri a gabansu.

Akwai kuma ladubba. Murya kan ɗan yi jinkiri a intanet, don haka ake jiran daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan danna madannin magana kafin a buɗe baki, in ba haka ba farkon zancen zai ɓace. Ana kuma barin sarari tsakanin magana da magana, domin galibin tashoshi ba sa karɓar umarnin katsewa muddin muryar wancan ɓangare na shigowa. Wanda ya haɗa ya tafi bai katse ba, ya bar mutanen gari biyu suna jin juna ba da saninsu ba.

Amfani da kuma iyaka

Abin ya wuce hira. A lokacin guguwar tekun Atlantika, masu aikin sa-kai kan taru a wani zaure na EchoLink mai lamba 7203, wanda ke haɗe da 9219 na IRLP, suna tattara rahoton iska da ruwan sama daga wuraren da abin ya shafa, suna miƙa wa WX4NHC, tashar masu sha'awar da ke cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka a Miami.

Sai dai tsarin na da rauni biyu. Na farko, sautin a fili yake tafiya, duk mai sauraro zai iya naɗarsa ya gane lambobin, kuma dokokin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, sun hana masu radiyon sha'awa ɓoye ma'anar saƙonninsu. Shi ya sa tashoshi da dama ke toshe sautin kada a sake watsa shi. EchoLink kuma ba ya ba kowa izinin shiga sai ya nuna shaidar lasisinsa.

Na biyu shi ne dogaro da intanet. A ranar 14 ga watan Maris na 2024, lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta jawo tangarɗar intanet a ƙasashe da dama, ciki har da Kodibuwa, Laberiya, Benin, Ghana da Nijar. A irin wannan rana, lambar da aka danna ba lalle ta kai ko'ina ba. Tashar maimaitawar ita kanta za ta ci gaba da haɗa mutanen yankinta matuƙar tana da batir ko hasken rana, domin wannan aikin nata bai rataya a kan rezo ba.

Ga matasan Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai da abin ya ba sha'awa, sayen oba-oba a kasuwa ba ya zama izinin magana a waɗannan zanguna. Matakin farko shi ne neman bayani kan lasisi da lambar kira daga hukumar ARCEP mai kula da harkokin sadarwa a Nijar.