ILMIN HANNU DA ILMIN TAKARDA

Jama'a, mu mutanen Kankiya da Kusada manoma ne, makiyaya ne, 'yan kasuwa ne. Hanyar mota da ta taso daga Kano zuwa Katsina ta bi ta ƙasarmu. Muna noma gero da dawa da masara da wake da gyaɗa. Damunarmu gajeriya ce, wajen wata huɗu. Abin da mu ka samu cikin watannin nan shi za mu ci har shekara ta kewayo. Saboda haka wanda bai iya tattali ba, yunwa ba ta nesa da gidansa.

A wannan darasi za mu yi magana a kan ilmi iri biyu. Akwai wanda a ke koya a gida, akwai wanda a ke koya a makaranta. Za mu ga amfanin kowanne, mu kuma ga abin da a ke samu in an haɗa su.

Gida shi ne makarantar farko

Tun yaro bai san baƙi ko ɗaya ba ya ke fara karatu a gida. Yana bin ubansa gona. Can ya ke koyon riƙon fartanya, da sanin lokacin shuka, da bambanta gero da ciyawa tun suna ƙanana. Yarinya tana zaune kusa da uwarta. Tana koyon surfe da daka da tankaɗe, da girki, da renon ƙane. Ɗan maƙeri yana zuga, har wata rana a miƙa masa guduma. Haka ɗan masaƙi, da ɗan dukawa, da ɗan magini.

Wannan ilmi babba ne, kada mu raina shi. Ba a rubuta shi a littafi ba. Yana cikin kawunan tsofaffinmu ne, da hannuwansu. Tsohon da ya iya yaɓen rumbu, in ya rasu bai koya wa kowa ba, an binne shi da ilminsa ke nan. Haka tsohuwar da ta iya dafa kalwa ta yi daddawa mai kyau. Saboda haka mu ja yaranmu a jiki sa'ad da mu ke aiki. In sun ɓata, mu gyara musu da haƙuri. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Abin da makaranta ke ƙarawa

Makaranta tana ba mu abu uku, watau karatu da rubutu da lissafi. Su ne ke tsare abin da hannu ya samo.

Ba yau a ka fara wannan kira ba. A cikin shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ta da Yaƙi da Jahilci. Malam Ahmadu Coomassie, mutumin Katsina, yana cikin manyan da su ka ja ragamar aikin. An buɗe azuzuwa a ƙauyuka, an buga ƙananan littattafai a Zariya. Lardin Katsina har yana da 'yar jaridarsa mai suna Himma. Daga baya, a 1976, a ka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa. A 1982 a ka soma tsarin da ya shigar da koyon aikin hannu a ƙaramar sakandare. A 1999 kuma a ka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato. Duk nufin ɗaya ne: mutum ya iya riƙe kansa da iyalinsa.

To, bari mu ɗauki misali huɗu daga cikin zamanmu na yau da kullum.

Na ɗaya: yaro mai zawo

Zawo yana kashe ƙananan yara da yawa. Abin da ke kashe su shi ne ƙarewar ruwan jiki. Za ku ga idon yaro ya faɗa, bakinsa ya bushe, maɗigarsa ta loɓa, fitsari ya ragu. Cikin kwana ɗaya ko biyu yana iya galabaita.

Ga abin da kowace uwa ya kamata ta iya. Ta wanke hannu da sabulu. Ta sami ruwa mai tsabta lita 1, watau leda biyu na ruwan sha irin mai rabin lita, ko tafasasshen ruwa da ya huce. Ta zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6, a shafe, ba tozo. Ta zuba gishiri rabin ƙaramin cokali. Ta motsa har su narke. Ta riƙa ba yaro kaɗan kaɗan, da cokali ko da kofi. In ya yi amai, ta dakata kamar minti 10, ta ci gaba. Kada ta hana shi nono, kada ta hana shi abinci. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

A asibiti akwai ƙullin garin da a ka riga a ka auna, ana ba da shi tare da ƙwayar zink. Shi ya fi, in an samu. In kuwa yaro ya kasa sha, ko an ga jini a bayan gidansa, ko jikinsa ya saki, sai a garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne.

Ku lura da awon nan. In gishiri ya yi yawa, zai cuci yaron. Uwar da ta iya ƙirga, ta kuma rubuta awon ta manna a bangon ɗaki, ba za ta rikice ba ran da hankalinta ya tashi. Tausayi da reno a gida ta koye su. Awo kuwa a aji ta samo shi.

Kada ku ce wannan ƙaramin abu ne. Dattawanmu sun san kurkunu, yadda ta ke kwantar da magidanci da damuna, gonarsa ta zama daji. Wajen 1988 an ƙirga mutum fiye da 600,000 masu ita a Nijeriya. Cutar ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. An koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle, an hana mai ciwo shiga tafki, an gina rijiyoyi. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu sauran kurkunu a ƙasar nan. Abin da a ka koya a tsakar gida shi ya kori cutar.

Na biyu: ajiyar wake

Da kaka wake yana da araha, da bazara yana tsada. Kowa ya san haka. Amma ƙwari ba su barin mai ajiya ya huta. Bayan 'yan watanni sai ka buɗe buhu ka tarar duk ya huje, ya zama gari. Wahalar damuna ta tafi a banza.

Kakanninmu suna da dabara. Su kan cuɗa wake da toka ko da rairayi, su toshe tukunya. Yanzu akwai buhu mai ninki uku, wanda a ka soma yaɗawa a ƙasashenmu a 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhu ɗaya a waje. Ga yadda a ke yi. A shanya wake ya bushe sarai, a sheƙe shi. A duba ledojin, kada a sami huda ko ƙanƙanuwa. A zuba wake a ledar ciki, a matse iska ta fita, a ɗaure tam. A ɗaure ta biyu dabam, a ɗaure buhun waje dabam. A ɗora a kan katako, nesa da bango, inda ɓera ba zai kai ba. Kada a riƙa buɗewa.

Me ya sa ya ke aiki? Ƙwaro yana numfashi kamar mu. In iskar ciki ta ƙare, sai ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu. Ba a sa magani ko ɗigo.

Waɗansu su kan zuba maganin feshi a kan wake. Wannan guba ce, mu da 'ya'yanmu za mu ci. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani a jikinsa. Wanda ya iya karatu zai duba jikin kwalba ya ga gargaɗi. Wanda bai iya ba, sai abin da mai sayarwa ya gaya masa.

Haka takin zamani. A jikin buhu akwai lambobi. In ka ga 15-15-15, abinci iri uku ne na shuka, kowanne kashi 15 cikin 100. In ka ga 46 a buhun yuriya, iri ɗaya ne mai ƙarfi, na sa ganye. Shi a kan binne shi a gefen shuka, ƙasa da danshi, don in an bar shi a fili ƙarfinsa ya kan bi iska. Takin gida kuwa, na shanu da tumaki da shara, shi ke raya ƙasa ta riƙe ruwa. Manomin kirki ba ya barin ɗaya don ɗaya.

Na uku: lissafin sana'a

Mata da yawa a Kankiya da Kusada, da Rimaye da Kafin Soli da Yashe, suna sana'a a cikin gida. Wata ƙuli-ƙuli, wata ƙosai, wata fura, wata ɗinki. Sau da yawa mace tana aiki kullum, kuɗi suna shiga hannunta, amma jari yana ƙanƙancewa, ba ta san dalili ba.

Mu yi lissafi. Waɗannan kuɗi misali ne kawai, kowa ya sa farashin kasuwarsu. A ce ta sayi gyaɗa tiya 5, kowace tiya naira 3,000. Ya zama 15,000. Niƙa 1,000. Itace 1,000. Gishiri da yaji 500. Duka ta kashe 17,500. Ta sayar da mai na 12,000, da ƙuli-ƙuli na 8,500. Duka ta samu 20,500. In an cire 17,500 daga 20,500, saura 3,000. Ribarta ke nan.

To, a ce a cikin cinikin nan akwai bashin 2,000 da ta bayar, ta manta wa ta ba. A ce kuma ta ɗebi 1,500 ta yi cefane. An taɓa 3,500 ke nan, alhali ribar 3,000 ce. Ta ci jarinta da naira 500 ba ta sani ba. In ta yi haka sau goma, tiya guda da rabi ta tafi, har da ɗoriya.

Maganin abin ƙaramin littafi ne da fensir. Shafi ɗaya na abin da ya fita, shafi ɗaya na abin da ya shigo, shafi ɗaya na masu bashi, da suna da rana. Iya matsar mai daga uwa a ka gaje shi. Littafin nan kuwa shi ke hana sana'ar mutuwa. Haka mai turkar rago, in zai kai shi kasuwar Charanci, ya san kuɗin dusa da harawa da ya ci kafin ya sallama.

Na huɗu: waya da takarda

Yau kuɗi suna tafiya ta waya. Akwai macuta masu bugo waya su ce daga banki su ke, su nemi lambar sirri. Banki ba ya tambayar lambar sirri. Kada ka faɗa wa kowa. In ka je cire kuɗi wurin mai na'ura, kai za ka danna lambarka da hannunka, ka kuma duba adadin da a ka rubuta. Wanda bai san lambobi ba tilas ya miƙa sirrinsa ga wani.

Haka takardar cinikin gona ko jingina. Kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba ka karanta ba. Haka magani: a duba ranar da zai lalace, a duba lambar hukumar NAFDAC. Haka katin rigakafin yaro: ran haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9, da wata 15. Uwar da ta iya karanta katin ba ta tsallake rana.

Kada a raba su

Akwai kuskure iri biyu a garuruwanmu. Wani uba ya kan ce ɗansa ɗan makaranta ne, ba zai taɓa fartanya ba. Yaro ya gama, aikin ofis bai samu ba, hannunsa kuma bai iya kome ba. Sai zaman bakin titi. Wani uban kuwa ya kan cire yaro daga aji don kiwo, ko yarinya don talla. Su girma da ƙarfin aiki, amma kowane mai wayo ya cuce su a awo da lissafi.

Hanyar da ta fi ita ce yaro ya je makaranta da safe, ya je ta allo a lokacinta, ran da babu karatu kuma ya bi uba gona ko ya zauna wurin mai sana'a. Ko ɗinki, ko walda, ko kafinta, ko gyaran babur, ko gyaran waya. Yarinya ma haka. A nan Kankiya akwai makarantar koyon aikin lafiya. 'Yarmu da ta riƙe karatu tana iya shiga, ta dawo ta duba matan garinsu.

Mu manya kuma kada mu ji kunyar zama a aji. Gemu ba ya hana ilmi. Abin da mu ka koya yau, mu gwada shi a gida kafin aji na gaba. Wanda ya iya ya koya wa matarsa, ita kuma ta koya wa maƙwabciyarta. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.

Tambayoyi

1. Cokali nawa na sukari a ke zubawa a ruwa lita 1? Gishiri fa?
2. Waɗanne alamu ne za su sa a kai yaro asibiti nan da nan?
3. Me ke kashe ƙwari a cikin buhu mai ninki uku?
4. Mace ta kashe naira 9,000, ta sayar da kaya na 11,500. Nawa ce ribarta?
5. Rubuta sunan sana'a uku da a ke yi a garinku, da wadda za ka so ɗanka ko 'yarka su koya.