Ɓarauniya Mai Yawan Riguna

Da wuya a sami gida a cikinmu da ba a taɓa kwana a zaune ba saboda yaro mai zazzaɓin cizon sauro. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya 'yan Nijeriya ne. Mun daɗe muna tambaya: an sami rigakafin ƙyanda da na shan inna, shi wannan me ya hana?

'Yan'uwa, amsar tana jikin ƙwayar cutar. Aikin allurar rigakafi shi ne ta nuna wa jiki kamannin abokin gaba tun kafin ya iso. To, ita wannan ƙwaya ɓarauniya ce mai yawan riguna, rigunan kuwa na sinadarin furotin ne. Idan ta ɓuya cikin jajayen ƙwayoyin jini, akwai wani furotin da take da irinsa wajen 60. Da jiki ya gane wannan, sai ta sake wani.

Amma akwai rigar da take shigowa da ita daga bakin sauro, kafin ta kai hanta ta hayayyafa. Masana suna kiranta CSP. Ita aka kwaikwaya a 1987 aka haɗa allurar RTS,S, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2021, bayan an gwada ta a Ghana, Kenya da Malawi. Ta biyu, R21 ta Jami'ar Oxford, ita ma wannan rigar take hari. An amince da ita a 2023, aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024.

Masu bincike ba su tsaya nan ba. Sun gano wani furotin, RH5, wanda ƙwayar ba ta iya kutsawa cikin ƙwayar jini sai da shi, kuma ba ya yawan sauyawa. An gwada allurarsa a kan yara a Burkina Faso, aka ga alamun nasara a 2024.

Sai dai mu sani, allurar rage cutar take yi, ba ta hana ta ɗungurungum, kuma ƙarfinta yana raguwa. Shi ya sa ake yinta sau huɗu. Iyaye, idan ta iso garinmu, kada mu tsaya a ta farko. Mu ajiye katin yaro da kyau, mu ci gaba da ɗaura gidan sauro, jikin yaro kuwa in ya yi zafi, mu garzaya asibiti a ranar.