Kwana a gidan Astor: yadda gidan manya ya koma masaukin baƙi

A yamma da Landan, kan wani tudu da ke kallon kogin Thames, akwai wani katafaren gida mai suna Cliveden. A da, in ba gayyatarka aka yi ba ko kuma aiki kake yi a ciki, ko falonsa ba za ka leƙa ba. Yau duk mai kuɗin biya zai kwana a ciki, da safe a kai masa shayi har ɗaki.

Ginin da ke tsaye yanzu na 1851 ne. Gobara ta cinye biyun da suka gabace shi, a 1795 da 1849, sai aka kira Charles Barry, wanda ya tsara ginin majalisar dokokin Birtaniya, ya sake tayar da shi. A 1893 attajirin Amurka William Waldorf Astor ya saye shi, kuma matar ɗansa, Nancy Astor, ita ce mace ta farko da ta zauna a kujerar majalisar wakilan Birtaniya, a 1919. Hotonta da John Singer Sargent ya zana na nan rataye a babban zaure, ta ɗan waiwayo kamar mai duba wanda ya shigo.

Abin da ke burge ni shi ne ba a mai da gidan otel irin wanda muka saba gani ba. Ɗakunan suna gare su, ba lamba ba, sunayen mutanen da suka yi hulɗa da gidan. Ɗakin cin abincin kuwa, katakon bangonsa mai ruwan zinari daga wani gidan sarauta na Faransa Astor ya sa aka ɓamɓaro shi ɗungurungum aka kawo. Ita ma hasumiyar agogon da ke tsakar gida, tankin ruwa ce aka yi wa kwalliya. Masu kuɗi ke nan!

Akwai kuma wurin ninƙaya da baƙi ke rububin gani. Nan ne a 1961 ministan yaƙin Birtaniya John Profumo ya haɗu da wata budurwa, Christine Keeler, suka fara soyayya a ɓoye, abin kunyar da ya sa shi murabus a 1963 bayan ya yi wa majalisa ƙarya.

To me ya sa manya suka bar wa baƙi gadajensu? Harajin gado ya yi nauyi, barori sun watse bayan yaƙe-yaƙen duniya biyu, gyaran rufi kaɗai na iya karya mutum. An rushe ɗaruruwan irin waɗannan gidaje a Ingila. Cliveden ya tsira ne don iyalan Astor sun miƙa shi ga ƙungiyar kula da wuraren tarihi ta National Trust a 1942. Bayan tashinsu ɗaliban jami'ar Stanford suka zauna, sannan a shekarun 1980 ya zama otel. Wasu na ganin zubar da girma ne. Ni ban ga haka ba: kuɗin baƙon ne ke hana rufin yoyo.

Sai dai fa kuɗin kwana ɗaya ba na mai ƙaramin albashi ba ne. In aljihu bai kai ba, ka shiga jirgin ƙasa daga Landan ka sauka a Taplow, ka sayi tikitin shiga lambun, ka zaga da rana, ka koma masaukinka ka kwana.