Amsoshin Takardunku: Lambar Koke Da Manhajojin Da Ke Riƙe Ta

 Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano, wanda ya roƙa a sakaya sunansa. Ya ce wani baƙo ya sayi gero a wurinsa, ya biya ta POS, kuɗi suka fita daga asusun baƙon amma ba su shigo nasa ba. Da aka je banki, sai aka turo wata doguwar lamba ta waya, aka ce a jira. To mece ce wannan lamba? Na biyu kuma, yana da hannun jari a wani ƙaramin bankin lamuni na garinsu, inda ɗan ƙanensa ke kula da kwamfutoci. Yaron ya ce ana ta gardama a ofis kan manhajar karɓar koke da za a saya, wasu na cewa ServiceNow, wasu Jira, wasu Freshservice. Alhaji ya ce tunda da kuɗinsa a ciki, yana son ya san wacce ta fi.

To Alhaji, mun gode da wannan takarda. Bari mu fara da lambar. Ka san littafin bashi da kake ajiyewa a rumfa, inda kake rubuta wane ya ɗauki buhu kaza, ranar kaza, zai biya ranar kaza? To wannan lamba shafi ce a cikin irin wannan littafi, sai dai a kwamfuta yake. Masu aikin suna kiranta tikiti. Da zarar an buɗe ta, manhaja za ta rubuta lokacin da koke ya shigo, da wanda aka miƙa wa, da wa'adin da aka ɗiba masa. In wa'adi ya wuce ba a gyara ba, sai ta kai maganar gaban shugaban sashe. Wa'adin nan kuwa ba wasa ba ne. A shekarar 2020 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su warware rikicin cinikin POS da bai tafi daidai ba cikin awa 72. Saboda haka kada ka goge saƙon nan daga wayarka. In magana ta kai ga sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, wannan lamba ita ce shaidar cewa ka fara kai kuka bankinka.

Amma akwai ɗan bambanci da ya kamata ka sani. Littafin da ke karɓar kukan abokan ciniki daban, wanda ma'aikatan kwamfuta ke amfani da shi a cikin gida daban, ko da yake 'yan uwa ne, kuma kamfani ɗaya kan sayar da duka biyun. Wanda ɗanka ke magana a kai shi ne na cikin gida: kwamfutar mai biyan kuɗi ta mutu, layin reshe ya yanke, sabon ma'aikaci na son a buɗe masa shiga. In na cikin gidan nan ya rikice, kai da ke tsaye a layi kai ne za ka ji a jikinka.

Wannan tsari yana da asali. A cikin shekarun 1980 gwamnatin Birtaniya ta ga ma'aikatunta na kashe kuɗi a kan kwamfuta ba tare da tsari ɗaya ba, sai ta sa aka rubuta littattafan ƙa'ida da ake kira ITIL, waɗanda suka fara fitowa a 1989. Duk manhajojin da Alhaji ya lissafa a kan wannan ƙa'ida suke tafiya. Abin da ta koyar mai sauƙi ne ga duk wanda ya taɓa noman rani. Injin ban-ruwa ya tsaya yau, ka kira makaniki ya tayar da shi: wannan aukuwa ce. Injin yana tsayawa duk mako, ka zauna ka gano ashe man da ake zuba masa gauraye yake da ruwa: wannan binciken tushen matsala ne. Za ka canja injin gaba ɗaya, ka zaɓi ranar da shuka ba ta bukatar ruwa, ka kuma ajiye tsohon a gefe ko sabon zai ƙi tashi: wannan tsara canji ne. Na ukun nan shi mutane suka fi rainawa, alhali shi ya fi cizo. Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani gyara mai kuskure, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka ɗauke a duniya, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani.

To yanzu ga manhajojin. Tsohuwa a cikinsu ita ce Remedy, wadda aka kafa kamfaninta a Kalifoniya ta Amurka a 1990. Wani kamfani mai suna Peregrine ya saye ta a 2001, shekara guda bayan nan kuwa Peregrine ya karye saboda badaƙalar lissafin kuɗi, aka sayar da Remedy ga kamfanin BMC. Yau ana kiranta BMC Helix, kuma galibi manyan ma'aikatu ne da suka daɗe da ita ke riƙe da ita. Abin sha'awa, daga cikin ɓaraguzan Peregrine ɗin nan ServiceNow ta fito. Fred Luddy, wanda shi ne babban injiniyan Peregrine, dukiyarsa ta narke tare da kamfanin, sai ya zauna ya rubuta sabuwar manhaja wadda ba a girka ta a ofishin mai saye, haya ake yi ta intanet. Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2012, kuma a 2024 cinikinsa ya haura dala biliyan 10.

ServiceNow babbar tarakta ce, Alhaji. Tana iya haɗa koke, da lissafin kowace na'ura da kamfani ya mallaka, da sha'anin ma'aikata, duk a wuri ɗaya. Amma ba ta bayyana farashinta a fili, sai an zauna an yi ciniki, kuma kafin ta fara aiki yadda ya kamata sai an ɗauko ƙwararru sun yi watanni suna daidaita ta, sannan a riƙe wanda zai ci gaba da kula da ita. Ga banki mai rassa ɗaruruwa wannan riba ce. Ga banki mai rassa biyu ko uku, a ganinmu, kamar mai kadada ɗaya ne ya ciyo bashin tarakta.

Jira ta kamfanin Atlassian ce na birnin Sidni a Ostareliya, wanda wasu samari biyu suka kafa a 2002. Ɓangarenta na karɓar koke ya fito a 2013, aka sake masa suna Jira Service Management a 2020. Ta fi daɗi a wurin da ake da masu rubuta manhaja a cikin gida, domin koke na wucewa kai tsaye zuwa teburinsu. In bankinku ba shi da irin waɗannan ma'aikata, rabin amfaninta ya tafi. A lura kuma, tun Fabrairun 2024 kamfanin ya daina tallafa wa ƙaramin nau'in da ake girkawa a kwamfutar ofis.

Sai biyu masu tushe a birnin Chennai na Indiya. Freshservice ta kamfanin Freshworks, wadda ta fito a 2014, an san ta da saurin koyo, kuma farashinta a rubuce yake kowa na gani, sai dai ta intanet kaɗai take aiki. ServiceDesk Plus kuwa, ta ManageEngine da ke ƙarƙashin kamfanin Zoho, ana iya hayarta ta intanet, ana kuma iya girka ta a ofis. Akwai kuma wadda ɗanka bai ambata ba, wato GLPI, da aka fara a Faransa a 2003. Ita kyauta ake sauke ta, kuma ga masu saurarenmu na Maraɗi da Damagaram, tana magana da Faransanci tun asali. Amma kyautar irin ta ɗan maraƙi ce, ciyarwa na wuyanka: kwamfutar da za ta zauna a kai, da wuta, da ajiyar kwafi, da mai gyara. Ranar da yaron da ya girka ta ya samu aiki a Abuja, wa zai riƙe?

In an zo taron masu hannun jari, Alhaji, tambayar farko ita ce da wane kuɗi za a biya. Yawancin waɗannan da dala ake hayarsu, kuma ana lissafi ne bisa yawan ma'aikatan da ke amsa koke, kowane wata. Mu ɗauka, alal misali kawai, dala 20 ce kan kowane mutum, ga ma'aikata 10. Dala 2,400 ke nan a shekara. Kafin a saki naira a Yunin 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati, wannan wajen naira miliyan 1.1 ne. Da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kaya ɗaya ya koma naira miliyan 3.6, ba a ƙara ko maɓalli ɗaya ba. Tambaya ta biyu ita ce layin intanet na garinku, domin manhajar haya ba ta buɗuwa in layi ya yanke, kuma daidai lokacin ne koke ke yawa. Ta uku, in an gaji da ita an so canjawa, za a iya kwashe tsofaffin bayanai a tafi da su? A nemi amsar a rubuce kafin a sa hannu.

Mu dai in da mu ne, ga banki irin naku, tsakanin biyun nan na Indiya za mu duba, ko GLPI in akwai mutum biyu, ba ɗaya ba, da suka iya ta. Yawancinsu suna ba da lokacin gwaji kyauta. A ce wa ɗan naka ya ɗauki biyu ya gwada da koken gaskiya, ya kawo wa taro lissafi: nawa suka shigo, nawa aka rufe cikin wa'adi, nawa kuma aka rufe a kwamfuta alhali mai kuka bai ga gyara ba. Wannan na ƙarshen shi za ka fi matsa masa a kai, don manhaja ba ta san gero ba, abin da ma'aikaci ya danna shi take rubutawa.

Da fatan Alhaji ya gamsu, Allah Ya dawo da kuɗin geron.